Ku Tambaya Mu Amsa: Intanet ɗin Gida "Mara Iyaka", Wanne Ya Fi Riba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu bakwai ne a gida, kowa da wayarsa, ga talabijin mai kama YouTube. Sayen data ɗai-ɗai ya ishe ni. An nuna mini tsari biyu, dukansu wai marasa iyaka, ɗaya ya ɗara ɗaya da naira dubu goma. Ba mai arhar zan ɗauka ba? Magidanci, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka biya tukuna sai ka gano inda aka ɓoye iyakar, domin akasarin waɗannan tsare-tsare suna da ita. Iri biyu ne. Akwai wanda zai ba ka cikakken gudu har ka cinye wani adadi na giga, daga nan a rage maka gudu zuwa ƙarshen wata. Ba a yanke ka ba, shi ya sa ake kiransa mara iyaka. Akwai kuma wanda tun ranar farko an ƙayyade gudunsa, a ce megabit 20 a daƙiƙa, amma ba a ƙirga maka giga.

Lissafin gudu ba wuya. Megabit 1 a daƙiƙa yana sauke kimanin megabait 450 a awa ɗaya. Idan aka mayar da kai rabin megabit, megabait 225 ke nan a awa, kuma wayoyi bakwai ne za su raba shi. Saƙon WhatsApp zai tafi, bidiyo kuwa sai juyi yake yi. Netflix da kansu sun ce hoto mai kyau na cin har giga 3 a awa. Ko a ce talabijin ɗinku giga ɗaya da rabi yake ci a awa, idan ana kallo awa huɗu kullum, giga 180 ne a wata, ba a sa wayoyi a ciki ba.

Mu ƙaddara na farko naira 30,000 ne da giga 200 kafin a rage gudu, na biyu 40,000 ba ragi. Gidan da ke cin giga 350 zai ƙarar da na farko wajen ranar 17 ga wata. Sauran kwanakin yara za su koma sayen data a waya, kuma kai za a zo wa. Dubu gomar da ka tsimi ta fita ta bayan gida. Amma gidan da bai wuce giga 150 ba, na farkon ya ishe shi, ƙarin kuɗin asara ne. Don haka ka shiga saitin kowace waya ka duba datar da ta ci a watan jiya, ka tara, ka ƙara kamar rabin jimillar a kai, saboda hannu yana sakewa da zarar an ji akwai wayifai a gida. Sannan ka yi wa mai sayarwa tambaya biyu, ya nuna maka a rubuce: bayan giga nawa ake rage gudu, kuma zuwa nawa?

Farashin da ka gani a tsohuwar takardar talla kada ka dogara da shi. A Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanoni su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, tsare-tsare da dama sun canza tun daga lokacin.

TAMBAYA: Rawutar MTN ko ta Airtel, wacce ta fi ƙarfi a Sakkwato? Ɗalibi, Dundaye.

AMSA: Wannan tambaya unguwa ce ke amsa ta, wani lokaci ma ɗaki. Layin da ke gudu a Gawon Nama yana iya rarrafe a Dundaye, domin ƙarfen sabis ɗaya jama'ar wurin duka ke rabawa. Ka ari layin kowane kamfani, ka sa ƙaramar data, ka buɗe fast.com, shafin gwada gudun intanet, a daidai inda za ka ajiye rawutar, wato na'urar da ke raba wayifai. Gwajin safe ba ya faɗin gaskiya. Ka gwada tsakanin ƙarfe 8 zuwa 11 na dare, lokacin da kowa ya hau, kwana biyu ko uku a jere. Tsarin megabit 50 a inda ƙarfe ke ba da 6 da dare, kuɗin 50 ka biya ka sha 6. Wani abin da ke ruɗa mutane: "5G" da ke jikin sunan wayifai sau da yawa zangon 5GHz ne na cikin gida, ba sabis ɗin 5G na kamfani ba.

TAMBAYA: Maigidana yana son mu sa Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, ni kuma tsadar nake gani. Ina koyarwa ta Zoom. Ya cancanta? Malama, Arkilla.

AMSA: Malama, tsadarsa hawa uku ce, mutane kuma biyu suke lissafawa: kuɗin na'ura da kuɗin wata. Na ukun wuta ce. Babban farantin yana cin wat 50 zuwa 100, ya danganta da samfurin. A ɗauki 75: awa 24 ya kama kilowat-awa 1.8 kullum. Batirin inbata mai 12V 200Ah yana ɗauke da 2.4, kuma idan ba na litiyom ba ne, rabi kawai ya kamata a ja don kada ya mutu da wuri. Ke nan daren awa goma sha biyu Starlink kaɗai zai kusan shanye rabon batir guda, ba fanka ba firji. Rawutar layin waya kuwa wutar da take ci kaɗan ce, ƙaramin batir na musamman yana riƙe ta awanni.

Ki raba kuɗin na'urar kashi 24, wato watannin shekara biyu, ki ɗora kan kuɗin wata, ki ƙara na wuta ko sola, wannan ne farashin da za ki kwatanta. Idan gwajin dare a gidanku yana ba da megabit 10 tsayayye, da aƙalla 3 na turawa, rawuta ta isa Zoom, Starlink almubazzaranci ne. Inda yake biyan kuɗinsa shi ne gefen gari da ƙauyuka da sabis ke yawan ɗaukewa. Farantin yana son sarari buɗe. Reshen dogon yaro a samansa zai riƙa katse miki aji. Ruwan sama mai ƙarfi ma yana raunana shi na ɗan lokaci. Ita kuma rawutar cikin gida, a nisanta ta da kwanon rufi da taga mai rana, don zafin Afrilu a nan yana sa ta rage aiki ko ta kashe kanta.

Idan akwai kamfanin da ya ja wayar faiba, wato wayar da ke kawo intanet har cikin gida, zuwa unguwarku, ki fara tambayarsa kafin duka biyun. Ki tambayi maƙwabtan da suka sa kwana nawa ake ɗauka kafin a gyara idan masu haƙa sun tsinka ta.

TAMBAYA: Na biya tsarin wata, kwana goma gudu ya mutu. Ina zan kai kuka? Mai shago, Runjin Sambo.

AMSA: Ka fara duba manhajar kamfanin, wataƙila ka kai adadin da ake rage gudu, musamman idan lambar sirrin wayifai ɗinka ta zaga maƙwabta. Ka canza ta, ka duba jerin na'urorin da ke kai. Idan ba haka ba ne, ka kai ƙorafi wurin kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafi, ka ajiye hotunan gwajin gudu masu kwanan wata. In ba su warware ba, ka kira 622, layin NCC na kyauta, za su nemi wannan lambar.