Amsa ga dan uwanmu mai wuni da lemo da biredi a wajen aiki

Wa alaikumus salam dan uwa. Na ga tambayarka tun jiya, cewa kana fita aiki karfe bakwai ba ka dawowa sai bayan la'asar, kuma abin da ke shiga cikinka duk yinin lemon kwalba ne da biredi, yanzu ga kasala ga ciwon ciki, kana neman yadda za ka yi. Wallahi abin ya taba ni domin irin wanga hali na yi shekaru a cikinsa nan Birnin Kebbi, har sai da aka auna ni aka ce jinina ya fara hawa sannan na dawo hayyacina.

Abin da na gane shi ne duk wanda ya bari yunwa ta iske shi karfe biyu na rana ba shi da komai a hannu, to abin da ke kusa zai saya, kuma abin da ke kusa da ofis kullum lemo ne da biskit da indomi. Saboda haka gyaran daga gida yake farawa tun da dare. Ni dai kula na saya karama, uwargida ta kan zuba min abinci da zafinsa da safe, yau garau-garau, gobe dan wake da kwai guda, wata rana tuwon shinkafa da miyar kuka da dan kifi, kifin Yauri ko na Argungu ai ba mu rasa shi ba. Ka nemi kula mai rike zafi da gaske, ka san zafin garin nan a watan Afrilu yana wuce digiri 40, abinci a leda ko roba kafin azahar ya fara tsami, shi ya sa ake cewa kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa biyu.

Maganar lemon nan fa ita ce ta fi damuna. Kwalbar roba ta 50cl sukarin da ke cikinta ya kai giram 50, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 din a yini duka, in ma zai iya ya tsaya a 25. Kenan kwalba daya ta cinye rabonka na ranar, ba a lissafa shayin safe da mai shayi ke zuba wa cokali uku ba. Za ka ji karfi na dan lokaci sai barci ya rufe ka a kan kujera. Ni sai da na koma ruwa zalla a gora, da zobo na gida ba sukari sosai, fura da nono kuma in na samu mai tsafta da na sani ina sha amma ba na bari a cika mata sukari.

Gishiri ma haka, kasa da giram 5 a yini ake so, kusan karamin cokalin shayi, kuma dunkulen magi yawancinsa gishiri ne, abincin sayarwa kuwa ba a tausaya masa. A gidana mun rage magi mun kara daddawa da albasa, albasar Aliero ga ta nan a kasuwa.

Kada ka fita ba karin kumallo, ko koko da kosai ne. A durowar teburina ba a rasa gyada soyayya da dabino da aya, in aiki ya rike ni na jefa kadan a baki. Ranar da ba kula kuma kwadon zogale nake saya da kuli-kuli, yana rike ciki kuma bai kai kudin lemo da biredi ba.

Ciwon cikin nan don Allah ka je asibiti a duba ka, kada ka ce olsa ce kawai ta yunwa ka ci gaba da sayen magani a kemis. Yawancin olsa kwayar cuta ce ke kawo ta, ana ce mata H. pylori, sai kuma magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac da muke hadiya ciki ba komai, kuma ana gwaji a ba da magani. Ka sa a auna maka jini da suga a tafiya daya. In ba ka da iyali tukuna ka fada min, akwai abubuwan da gwauro zai iya hadawa cikin minti ashirin, zan rubuto maka in sha Allah.