Wa Ke Zaɓar Aikin Da Ƙaramar Hukuma Za Ta Fara Yi?

TAMBAYA: Malam, damina uku ke nan da ruftawar kwalbatin layinmu, duk ruwan da aka yi sai ya shigo mana har zaure. Mun yi ta sintiri wurin kansilanmu, kullum amsarsa ɗaya ce: "ba ya cikin kasafi." Ga shi kuma muna gani ana ta shafa wa sakatariya fenti. Wai wa ke zaɓar aikin da za a fara yi? Ina ma amfanin kansila?

Daga wata malamar firamare a birnin Kano

AMSA: Malama, Allah Ya ba da haƙuri. Kansilanku bai yi muku ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya faɗa.

A rubuce dai aikin na ƙaramar hukuma ne. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi zaɓaɓɓun majalisu ga ƙananan hukumomi 774, Jadawali na Huɗu kuma ya jera abin da ke wuyansu: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, sanya wa tituna suna, da gyaran hanyoyi da magudanan ruwa. Kin ga kwalbatinku yana ciki. Ciyaman da kansilolin da ya naɗa masu kula da sassa, irin su ayyuka, lafiya da noma, su ke tsara kasafi. Zaɓaɓɓun kansilolin mazaɓu kuma su duba, su amince, su kafa ƙananan dokoki, su bi sawun kuɗin.

To amma a shekarun da na yi ina ɗauko rahoto daga sakatariyoyi, na lura kafin takarda ta iso zauren kansiloli an riga an rabe naman, sai ƙashi. Ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, sai dai kuɗin sun daɗe suna bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, wanda sashe na 162 ya kafa. Tun daga can ake zare albashin malaman firamare (naki ma ta nan yake fitowa, Malama), da na ma'aikata, da fansho, da kason masarauta, da gudummawar ayyukan da gwamna ya ce a yi tare. Ma'aikatar ƙananan hukumomi ita ke aiko da takardar da ke faɗin iyakar abin da za a sa a kasafi, can kuma ake komawa a kare shi. Ɗan abin da ya rage shi mazaɓu goma ko fiye za su yi wawaso a kai.

A nan siyasa ke shigowa. Ciyaman yakan fifita aikin da ido zai gani a yanka masa ƙyalle, shi ya sa fenti da katanga da rijiyar burtsatse a bakin titi ke riga kwalbatin lungu. Sai mazaɓar da ta ba shi ƙuri'a, sai unguwar da wani babba a jam'iyya yake. Kansilan da ya cika gardama, nasa aikin ne ke kwana a durowa. Ba ina wanke su ba ne. Akwai kansilolin da ba su taɓa buɗe kundin kasafin da suka ɗaga wa hannu ba.

Ga kuma wata matsala ta Kano. Birnin ba shi da majalisa guda ɗaya. Ƙananan hukumomi takwas suka raba shi: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. Shara tana hannun hukumar kwashe shara ta REMASAB, tsara gari yana hannun hukumar tsara birane ta KNUPDA, duka na jiha. Ruwa kuwa bai san iyaka ba. Idan kwatarku tana zuba ne a babbar magudanar jiha, sai kowa ya ce ba tasa ba ce.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. Hukunci ne mai kyau, amma aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa, don haka kada ki zauna jiransa.

Abin da zan ba ki shawara shi ne ku daina zuwa da baki, ku daina zuwa a watan Agusta lokacin da ruwa ya riga ya ci gida. A watannin ƙarshen shekara ake haɗa kasafin baɗi. Ku rubuta takarda da sunan ƙungiyar unguwa, mai unguwa da limami su sa hannu, ku haɗa da hotuna da adadin gidajen da abin ya shafa. Ku kai ɗaya ga ciyaman, ɗaya ga shugaban sashen ayyuka, ɗaya ga kansila, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ku nemi injiniya ya zo ya auna ya fitar da kiyasi, domin aikin da ba shi da kiyasi ba ya shiga kasafi. Idan Janairu ta kama, ku koma wurin kansila da kwafin nan ku ce ya nuna muku shafin da kwalbatin yake.