Tambaya da amsa: Ina net send ya shiga, kuma da mi zan aika saƙo yanzu?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina riƙe da wata 'yar sibar a Tawa, kwamfutoci 8 duk bisa rezo guda. Da can lokacin Windows XP in lokacin mutum ya kusa ƙarewa net send nike bugawa saƙo ya fito mishi, yanzu tun da anka sa muna Windows 10 abin ya ƙiya. Mi ya faru, kuma yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka wahalar da kanka, ba hannunka ba ne, net send ɗin ne ya mutu. Yana tafiya ne da wata hidima ta cikin Windows mai suna Messenger, to masu talla suka gano ta suka dinga jefo wa mutane saƙonni ta intanet ba sallama, shi ya sa Microsoft ta kashe ta a XP SP2 cikin 2004, da Vista ta fito kuma aka tuge ta gaba ɗaya. Magajinsa shi ne msg, sai dai shi yana da fi'ili, ba kowa yake amsa wa ba.

Fara gwadawa a mashin ɗinka. Danna maɓallin Windows da R, rubuta cmd, cikin baƙin allon nan ka buga:

msg * Sannu da aiki

In wani ɗan akwati ya fito da gaisuwar, madalla. In kuwa ya ce bai san umarnin ba, to Windows Famille gare ka, ita ba ta zuwa da msg sam, sai Professionnel zuwa sama. Na taɓa kashe yamma guda a wata cibiyar koyon kwamfuta nan Yamai ina ta fama da waya da adireshi, kuran ma ya ɗauke sau biyu a tsakani, ashe rabin mashinan Famille ne, da na buga winver, umarnin da ke nuna wace irin Windows ce a mashin, tun farko da minti ɗaya ya ishe ni.

Aikawa zuwa wata kwamfutar haka yake:

msg * /server:POSTE3 /time:120 Saura minti 5 lokacinka ya cika

POSTE3 sunan mashin ɗin ne, in ba ka san shi ba je can ka buga hostname, ko ipconfig ka ɗauko adireshinsa irin 192.168.1.13 ka sa a madadin sunan. Tauraron yana nufin duk wanda ke zaune kan mashin ɗin. Shi kuma /time daƙiƙoƙin da saƙon zai yi a allo ne, in ba ka sa ba bayan daƙiƙa 60 ya ɓace, mai kallon wasan ƙwallo da kas a kunne ba lalle ya ankara ba.

To nan ne ake shan wuya. Karon farko kusan kullum Erreur 5 ko Erreur 1722 za ka gani. Ta 1722 tana nufin ba a isa ga mashin ɗin ba ko ya ƙi buɗe ƙofa, ta 5 kuwa an isa amma ya ce waye kai. A kowane mashin da zai karɓi saƙo ka buɗe cmd da ikon administrateur ka buga wannan a layi guda:

reg add "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Terminal Server" /v AllowRemoteRPC /t REG_DWORD /d 1 /f

sannan ka kashe shi ka kunna. Ka duba kuma rezon yana kan Privé ba Public ba, kuma an kunna raba fayiloli da firinta, domin ta ƙofa mai lamba 445 saƙon yake bi, in katangar tsaro ta toshe ta saƙon ba zai isa ba. Maganin Erreur 5 shi ne kowane mashin ya zama da asusun administrateur mai lambar sirri, asusun da ba shi da lambar sirri Windows ba ta yarda ya shigo ta rezo. Daga naka mashin ka gabatar da kanka sau ɗaya:

cmdkey /add:POSTE3 /user:POSTE3\patron /pass

patron ɗin nan sunan asusun administrateur na POSTE3 ne, sa naka a madadinsa. Zai tambaye ka lambar, ya adana ta, shi ke nan. Don Allah kada ka bar kwastomomi suna aiki da wannan asusun, yaran lakwal in suka gano sai kowa ya dinga aika wa maƙwabcinsa abin da ya ga dama, ka ba su asusu na talaka.

In wasu mashinan naka Famille ne ko akwai Linux a ciki, ga netcat, tsohon kayan aiki tun tsakiyar shekarun 1990, a Windows ana samun ɗan'uwansa ncat cikin Nmap, wata manhajar binciken rezo. Mai karɓa ya buga ncat -l 5000, kai ka buga ncat 192.168.1.13 5000, duk abin da ɗaya ya rubuta ya danna Entrée sai ya bayyana wurin ɗayan. Yana da daɗi wajen gwada ko mashinai biyu suna jin juna, amma ga sibar ban ba ka shawararsa ba, don dole baƙin allon ya kasance a buɗe gaban kwastoma, kuma saƙon a fili yake tafiya babu wani kulle.

Tsakanin Linux da Linux kuwa da ssh, umarnin shiga wani mashin daga nesa, za ka shiga ka buga wall da saƙonka, duk wanda ya buɗe baƙin allon umarni a mashin ɗin zai gani.

Ni dai in ni ne kai, mashin guda zan fara gyarawa, in ya amsa sai in zuba layin msg na kowane poste cikin fayil mai ƙarewa da .bat a kan allo, ƙarfe 10 na dare in danna sau ɗaya kowa ya ga za a rufe.