Tambaya da Amsa: Konfushiyas da mutanen Dao, ina suka raba hanya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce ina karanta tarihi, a wannan zangon an shigo mana da tsohuwar ƙasar Sin, toh sai malaminmu ya ambaci koyarwar Konfushiyas da koyarwar Dao, yace ɗaya ta gina hukuma ɗaya kuma ta guje mata, daga nan ya wuce bai tsaya ba, ni kuma abin ya tsaya min a rai. Dan Allah mene ne ainihin bambancinsu a kan tarbiyya da zaman jama'a, kuma wai gaba suke yi da juna ne? Sannan addini ne ko falsafa, don wata ƙawata tace min bai ma kamata in karanta su ba. Daga wata ɗaliba mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, amin, na gode. Maganar malaminku tana da ƙamshin gaskiya amma ta yi gajarta da yawa, kuma ba za ki gane ta ba sai kin san irin zamanin da mutanen nan suka rayu a ciki. Daular Zhou ce ke da sarautar Sin a lokacin, amma sarkin ya zama na jeka-na-yi-ka, hakimansa kowa ya ja yankinsa ya zama sarkin kansa, yau wannan ya kai wa wancan yaƙi gobe waziri ya hamɓarar da ubangidansa jibi ɗa ya kashe uba saboda kujera, haka aka yi ta fama shekaru ɗaruruwa har zuwa shekara ta 221 kafin miladiyya da ƙasar Qin ta haɗiye sauran. Duk mai tunani a wancan lokaci tambaya ɗaya ce ke cin ransa, me ya lalace, kuma ta ina za a fara gyara.

Konfushiyas, wanda Sinawa ke kira Kongzi, an haife shi a shekara ta 551 kafin miladiyya a ƙasar Lu, yankin garin Qufu da ke lardin Shandong a yau, ya rasu a 479. Ya tashi maraya cikin rashi, ya riƙe muƙami na ɗan lokaci a Lu, ya bari, ya shafe fiye da shekara goma yana yawo daga wannan fada zuwa waccan da almajiransa yana neman sarkin da zai ɗauki shawararsa, bai samu ba, ya dawo gida yaci gaba da karantarwa. Maganganunsa almajirai ne suka tattara a littafin da ake kira Lunyu. Amsarsa ita ce tarbiyya ce ta mutu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kalmarsa babba ita ce ren, wato mutuntaka da tausayin ɗan'uwanka ɗan Adam, da wani almajiri ya nemi kalma guda da zai riƙe har ƙarshen rayuwa sai yace masa abin da ba ka so a yi maka kada ka yi wa wani. Amma shi a ganinsa wannan kirki ba ya tsirowa haka kawai, sai an horar da shi ta hanyar li, wato ladubba da ƙa'idojin zama, yadda ake gaisuwa, yadda ake tarbar baƙo, yadda ake binne mamaci, yadda ƙarami ke tsayawa gaban babba, kuma makarantar farko ita ce gida, biyayya ga iyaye da suke kira xiao. Yaron da ya iya girmama ubansa, inji almajirinsa Youzi, da wuya ya tashi ya zama mai tayar da fitina a gari.

A kan mulki kuwa akwai maganarsa da nake ganin ta fi kowacce nauyi. Yace in ka mulki mutane da doka da bulala za su guje wa hukunci amma kunya ba za ta shige su ba, in kuwa ka ja su da halin kirki da ladabi za su ji kunyar laifi su gyara kansu da kansu. Ya kuma kwatanta halin shugaba da iska, na talakawa da ciyawa, duk inda iska ta kaɗa nan ciyawa ke kwantawa. Kada ki ɗauka biyayyar makanta yake nema fa, Mengzi da yazo bayansa a ƙarni na 4 kafin miladiyya, wanda shi ne ya jera alaƙoƙi biyar ɗin nan na sarki da bafade, uba da ɗa, miji da mata, babba da ƙarami, aboki da aboki, ya faɗa wa wani sarki ido da ido cewa azzalumin da ya tattake adalci ya riga ya sauka daga sunan sarki, wanda ya kawar da shi ba sarki ya kashe ba.

Toh sai mutanen Dao suka ce ai ku maganin naku shi ne alamar cutar. Littafinsu na farko shi ne Daodejing, babi 81 ne kacal, haruffan Sinanci kusan 5,000, ana jingina shi ga wani dattijo Laozi da masanin tarihi Sima Qian ya rubuta cewa mai kula da taskar littattafan fadar Zhou ne, da ya ga daula ta lalace sai ya kama hanyar yamma, mai gadin mashigar dutse ya roƙe shi ya bar rubutu kafin ya wuce. Masana na yau da yawa suna ganin hannaye da dama ne suka tara littafin a hankali, kuma a 1993 an tono wasu sassansa rubuce a jikin gora a wani kabari a Guodian, lardin Hubei, masu shekaru tun wajajen 300 kafin miladiyya. Dao na nufin hanya, wato yadda halitta ke tafiya da kanta ba tare da an tura ta ba. Hujjarsu mai kaifi ce, littafin yace sai da aka rabu da babbar hanyar sannan aka fara wa'azin kirki da adalci, sai da zumunci ya lalace sannan aka fara maganar ɗa mai biyayya, kuma duk yadda dokoki suka ƙaru haka ɓarayi ke ƙaruwa. Ladubban nan da Konfushiyas ya ɗora komai a kansu, littafin ya kira su ɓawon gaskiya da mafarin rikici. Ki tsaya ki yi tunani, gidan da ake zaman lafiya ai ba a kafa allo a rubuta a so juna, ranar da aka fara rubutawa toh wani abu ya riga ya karye.

Abin da suke kira wu wei shi aka fi yi wa mummunar fahimta, ana cewa wai zaman kashe wando ne. Ma'anarsa aiki ba tare da tilasta abu ya bi son ranka ba. Littafin yace mulkin babbar ƙasa kamar dafa ƙaramin kifi ne, in ka cika juya shi zai dagargaje, kuma babu abin da ya kai ruwa laushi amma babu abin da ya fi shi cin dutse. Zhuangzi, marubucinsu na biyu wanda ya yi zamani da Mengzi, ya bada labarin wani mahauci da ya yi shekara 19 yana fiɗar shanu da wuƙa ɗaya ba ta dakushe ba, saboda ba ya saran ƙashi, gaɓa yake bi inda dama akwai ƙofa. Wannan mahaucin ai aiki yake yi, kuma ya fi kowa iyawa. Shi Zhuangzin ne kuma aka ce sarkin Chu ya aiko masa da tayin muƙami yana bakin kogi yana kamun kifi, ya tambayi 'yan aiken ko kunkuru zai fi son ya mutu a naɗe ƙoƙon bayansa a ajiye a fada ana girmamawa, ko ya rayu yana jan wutsiya cikin taɓo, suka ce taɓo, yace toh ku tafi ku bar ni a nawa taɓon.

In kina son ki ga bambancin ƙuru-ƙuru ki dubi yadda suka ɗauki mutuwa. Wani almajirin Konfushiyas mai suna Zai Wo yace zaman makokin iyaye na shekara uku ya yi tsawo, shekara ɗaya ta isa. Malamin ya tambaye shi, in ka ci abinci mai daɗi ka sa tufafi masu kyau bayan shekara ɗaya hankalinka zai kwanta? Yace eh. Yace toh in zai kwanta je ka yi. Da ya fita sai malamin ya ce wa sauran wannan yaro ba shi da tausayi, ai jariri sai ya yi shekara uku kafin ya sauka daga hannun iyayensa, shi bai samu wannan ƙaunar ba ne? Zhuangzi kuma da matarsa ta rasu abokinsa Huizi yazo gaisuwa ya tarar da shi zaune yana kiɗa ƙwarya yana waƙa, ya yi masa faɗa, sai yace da farko nima na ji zafin, amma da na tuna akwai lokacin da babu ita, ta samu, yanzu ta koma, kamar yadda damina ke bin bazara, sai naga in naci gaba da kururuwa ban fahimci yadda abin yake ba. Duka biyun sun ji ciwon rashi, ɗaya yana so a gina wa baƙin ciki ɗaki da ƙa'ida don kada mutum ya manta alherin da aka yi masa, ɗayan yana so a sake shi ya wuce.

Batun gaba kuwa, a takarda sun yi ta sukar juna, littafin Zhuangzi ma cike yake da labaran da aka sa Konfushiyas a ciki ana koya masa darasi. Amma a tarihi abin ya cakuɗe. Bayan daular Qin ta mulki mutane da tsananin doka har ta ƙona littattafai a 213 kafin miladiyya kuma ta rushe cikin shekara 15, sarakunan farko na daular Han sun karkata ga ra'ayin Dao, suka rage haraji suka bar talaka ya numfasa. Sai Sarki Wu na Han da ya hau a 141 kafin miladiyya ya ɗaukaka littattafan Konfushiyas, ya kafa makarantar horar da ma'aikata a 124, daga baya aka shigo da jarrabawar shiga aikin gwamnati da ba a soke ta ba sai 1905, ki duba tsawon wannan zamani, duk mai son muƙami sai ya haddace littattafan nan. Kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauke da duka biyun, yana ofis yana bin Konfushiyas, in an kore shi ko ya gaji ya koma ƙauye ya buɗe Zhuangzi, kamar mawaƙi Tao Yuanming da ya ajiye muƙaminsa a shekara ta 405 miladiyya ya koma gona.

Ni dai in kin tambayi inda zuciyata ta karkata, wajen Konfushiyas ne, duk da akwai abin da ke damuna a koyarwarsa. Da wani basarake ya yabi mutumin da ya kai ƙarar ubansa don ya saci tunkiya, Konfushiyas cewa ya yi a wajensu ɗa rufa wa uba asiri yake yi uba ya rufa wa ɗa, kuma kin san ƙofar da wannan ke buɗewa ga son kai da fifita dangi in aka shiga aikin hukuma, ga kuma yadda mabiyansa na baya suka danne mata da sunan ladabi. Gargaɗin mutanen Dao a kan munafunci da shugaba mai ƙaiƙayin hannu gaskiya ne, kuma duk mai mulki yana bukatar ya ji shi. Amma akwai ranar da wasu manoma biyu da suka ƙaurace wa duniya suka ce wa Zilu almajirin Konfushiyas ya daina wahala ya bi sahunsu, da labari ya iso ga malamin sai ya yi ajiyar zuciya yace ba zai iya zama cikin tsuntsaye da dabbobi ba, in bai zauna da mutane ba da wa zai zauna, kuma da duniya na kan hanya ai da bai damu da gyara ta ba. In kowane mutumin kirki ya koma bakin kogi, wa aka bar wa marayu da kotu da rumbun gari?

Sai maganar ƙawarki. Konfushiyas bai ce shi annabi ba ne, da Zilu ya tambaye shi yadda ake yi wa ruhohi hidima cewa ya yi ba ka iya hidimar mutane ba tukuna, amma al'adar da ya ƙarfafa tana ɗauke da yanka da hadaya ga kakanni, wannan kam ya saɓa wa aƙidarmu. Dao kuma daga baya ya zama addini sosai mai wuraren bauta da limamai da alloli, tun daga ƙungiyar da Zhang Daoling ya kafa a 142 miladiyya, kuma yana cikin addinai biyar da gwamnatin Sin ta amince da su a yau, tare da Musulunci, koyarwar Konfushiyas ba ta cikin jerin. Don haka a jarrabawa ki rarrabe tsakanin Dao na littattafan Laozi da Zhuangzi da Dao na ɗakin bauta. Karanta tunanin mutane don a san tarihinsu daban ne da bin aƙidarsu, malaman Musulmin Sin da kansu sun yi wannan karatu, Liu Zhi na birnin Nanjing da ya rayu tsakanin ƙarni na 17 da na 18 ya nazarci littattafan nan sosai, sannan ya rubuta bayanin tauhidi da ibada da Sinanci yana amfani da kalmomin da almajiran Konfushiyas suka sani don su gane abin da yake faɗa.