Ni ma sunan kogi ne ya kusa raba ni da aiki

Ɗan'uwa, tambayarka ta yadda za ka raɗa wa sabobinku (kwamfutocin da ke riƙe da bayanai da manhajojin kamfani) suna don kada ta gwaji ta cakuɗe da ta aiki, wallahi tsohon miki ta fama mini.

Inda na yi aiki a Garwa ta Kamaru, maigidanmu sunayen koguna ya ba sabobinmu: benue, faro, logone, chari. Wai sun fi daɗin faɗa. Ba a rubuta komai ba, duk a kansa yake. Wata rana cikin azumi, bayan la'asar, zafin Garwa ya gama dafa ni, ya ce in share rumbun bayanan gwaji in sake lodawa. Na shiga logone, don a sanina ita ce ta gwaji. Ashe mako biyu ke nan da ya mayar da ita ta aiki, bai gaya wa kowa ba. Ko minti biyar ba a yi ba wayoyi suka hau ƙara, masu shaguna ba sa ganin lissafinsu. Kwafin ajiyarmu na daren jiya ne, cinikin yini guda ya tafi. A gaban kowa ya ce ban iya aiki ba. A ofis na sha ruwa, ina shigar da rasit ɗaya bayan ɗaya har sahur. Har na bar wurin bai taɓa cewa shi ya sauya ta ba.

Yanzu sunan kansa nake so ya yi magana: gari, matsayi, aiki, lamba. Misali gou-prod-db-01 ko mvr-dev-web-02 (prod ta aiki ce, dev ta gwaji, db rumbun bayanai, web shafin intanet). Don sunan gari, lambobin filin jirgi nake ara, GOU Garwa, MVR Marwa, NDJ Njamena. Ƙananan haruffa, lambobi da karan ɗori kawai. In da Windows a cikinsu, kada sunan ya wuce haruffa 15, NetBIOS, tsohon tsarin sunayen na'urori da Windows ke amfani da shi, zai guntule shi.

Kuma ka sa rubutun taminal (allon da ake rubuta umarni) na sabar aiki ya fito ja wur. Mabuɗin SSH ma, wanda ake shiga sabar da shi daga nesa, kowacce da nata. In na'ura ta sauya aiki, a sauya mata suna ranar, ba gobe ba.

Af, duk wanda ya ce ka share wani abu, ko maigida ne, ya rubuto maka a WhatsApp da cikakken sunan sabar. Ni yanzu bayan la'asar da azumi ba na taɓa prod, ko wa ya kira.