Amsa kan sansanonin hutu na yaran Yahudawa a Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sansanin hutun bazara da Yahudawan Amurka ke tura 'ya'yansu wasa ne kawai. A'a, tarbiyya ce sosai.

Tun farko yaran talakawan Yahudawa da suka yi ƙaura zuwa birnin New York ake fitarwa su sha iska, kamar a sansanin Surprise Lake da aka buɗe a 1902. Daga baya manufa ta faɗaɗa: sansanin Massad, a 1941, ya sa yara magana da Ibrananci, sansanin Ramah kuma ya fara a jihar Wisconsin a 1947.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yaron da shi kaɗai ne Bayahude a ajinsu. Ya zo nan ya tarar kowa irinsa ne, har makonni huɗu zuwa takwas. Ba a haɗa nama da madara a abinci, bisa dokar addininsu. Yammacin Juma'a a sa fararen kaya, a kunna kyandir, a shiga hutun Asabar da waƙoƙi. Da icce yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran nan sukan dawo a matsayin masu kula da ƙanana, wasu su zama malaman addini, wasu ma a can suke haɗuwa da abokan aurensu.

Matsalar ita ce tsada, shi ya sa ƙungiyoyinsu ke tallafa wa iyaye da kuɗi.