Maganin tabon rana da haske

Malama, kin tambaya ko maganin haske zai yi wa ƙaninki zabiya aiki kan tabo masu kaushi da rana ta fito masa da su. Yana yi, muddin ba su yi zurfi ba. Likita zai shafa wani man magani irin Metvix, a rufe wurin awa 3, sannan a haska jar fitila kamar minti 10. Man na taruwa a lalatattun ƙwayoyin fata, hasken ya kashe su. Akwai raɗaɗi, a faɗa masa tun wuri.

Inda ake sakaci shi ne fita rana. Kwana 2 kada ta taɓa wurin. Tabon da ke zubar da jini kuwa, sai likitan fata ya ɗebi ɗan guntu an gwada tukuna, don a gano ko ciwon daji ne, tunda hasken ba ya kaiwa ga ciwon daji mai zurfi.